Landan zuwa Paris: kilomita 344 da jirgi ba ya bi

Duk wanda ya tambayi intanet nisan da ke tsakanin Landan da Paris ta sama, amsar da zai samu ita ce kilomita 344, wato mil 214. Tazarar Kano da Abuja ke nan ko kusa da haka, in an ja layi ɗoɗar ba a bi ta Zariya da Kaduna ba. Jiragen da aka fi sawa a wannan hanya, irin su Airbus A320, suna cin fiye da kilomita 800 a awa guda idan sun daidaita a sama. A lissafin ɗan firamare, tafiyar ba za ta cika rabin awa ba. Amma tikiti yakan ce awa ɗaya da kwata, wani lokaci har da ɗoriya. Lambar ba ƙarya ba ce, tikitin ma haka. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya: akwai nisan masu awo, akwai wanda matuƙi yake ci a zahiri, akwai kuma wanda fasinja yake ji a jikinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lamarin shi ne, na farkon nan, wanda babu jirgin fasinja da ke binsa sak, shi ne kotuna da masu karɓar kuɗi suka riƙe da hannu biyu.

Tambayar farko ita ce daga ina zuwa ina. Birni ba ɗigo ba ne, sai an zaɓi wuri guda an ce nan ne cibiya. Ingilawa suna ƙirga nisa daga Charing Cross, gefen dandalin Trafalgar, inda mutum-mutumin Sarki Charles na ɗaya yake bisa doki. Faransawa kuma suna da wata 'yar alama da aka kafa a ƙasa a gaban majami'ar Notre-Dame, daga nan suke fara ƙirga kilomitocin manyan hanyoyinsu. Tsakanin tsakiyar gari da tsakiyar gari ne ake samun 344 ɗin nan. Sai dai babu jirgin da ke tashi daga Trafalgar. Filayen jiragen sama shida ne ke amsa sunan Landan: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. Paris tana da Charles de Gaulle da Orly, ga kuma Beauvais da kamfanonin tikiti mai araha suke liƙa wa sunan Paris alhali yana da nisan kilomita 80 da wani abu daga garin. Daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle kusan kilomita 350 ne. Daga Gatwick, da yake tana kudu da Landan, bai kai 310 ba. Daga Luton da ke arewa ya doshi 380. Tun ba a tayar da inji ba, amsar ta riga ta rabu gida uku.

Tambaya ta biyu ita ce mene ne layi ɗoɗar a kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba. Duniya dunƙulalliya ce, don haka hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu a bayanta ita ce wadda zare zai bi in ka ɗame shi tsakanin garuruwan biyu a kan ƙwallon taswirar duniya. Masana suna kiran wannan layi babbar da'ira, domin da za a ci gaba da jan sa zai zagaye duniya ya raba ta gida biyu daidai. Taswirar bango da muka saba gani a aji, wadda asalinta ke komawa ga Gerardus Mercator a 1569, tana kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa, shi ya sa hanyar jirgi mai nisa take fitowa a lanƙwashe a kanta, mutum ya zaci zagaye ake yi. A gajeriyar tafiya kamar Landan da Paris bambancin ba ya ko ganuwa. Haka nan duniyar ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan baje a tsakiya: daga cibiyarta zuwa layin da ya raba ta biyu kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa 6,357. Wanda ya yi lissafi da wannan da wanda ya ɗauke ta a ƙwallo sak za su saɓa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne dalilin da wani shafi zai ce 343, wani 344.

Wannan lamba da waya take ba ka kafin ka ƙifta ido, mutane sun sha wuya kafin su same ta, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A 1783 masanin taurari na Faransa, Cassini de Thury, ya aika wa Ingila shawarar a haɗa hannu a tantance ainihin matsayin cibiyar binciken taurari ta Greenwich da ke Landan da ta Paris, kowacce daga 'yar uwarta. Aka ɗora aikin ɓangaren Ingila a kan wani hafsan soja ɗan Scotland, William Roy. Dabarar ita ce a auna layi guda ɗaya a ƙasa da matuƙar kulawa, daga nan sai a riƙa auna kusurwoyi daga tudu zuwa tudu, daga hasumiya zuwa hasumiya, ana gina alwatika a kan alwatika har a kai bakin teku. Idan layin farko ya karkace, komai ya karkace. A 1784 Roy ya zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe a yamma da Landan mai suna Hounslow Heath, ya auna layin da ya ɗan haura kilomita takwas. Ya fara da sandunan katako, sai ya lura cewa danshin Ingila yana sa katakon ya miƙe ko ya tsuke. Sai ya koma ga dogayen sandunan gilashi, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, baki da baki, har ƙarshen filin. A 1787 aka haɗe awon da na Faransawa ta kan mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, ana kunna wuta mai tsananin haske da daddare a gaɓar Dover da ta Calais domin kowane ɓangare ya hango ɗaya ya auna kusurwa. Daga wannan aiki ne hukumar zana taswira ta Birtaniya ta samo asali a 1791.

Ga inda abin ya yi daɗi. An binne igwa a tsaye a kowane ƙarshen layin Roy domin kada alamar ta ɓace, kuma ɗaya daga cikin igwoyin nan yau tana gefen arewacin filin jirgin Heathrow. A wannan fili na Hounslow Heath ne kuma, ranar 25 ga Agusta 1919, aka fara jigilar fasinja ta yau da kullum ta jirgin sama tsakanin Landan da Paris, inda jirgin ya sauka Le Bourget bayan kimanin awa biyu da rabi. Shekara goma kacal ke nan bayan Louis Blériot ya tsallake mashigin a ranar 25 ga Yuli 1909, daga kusa da Calais zuwa Dover, cikin minti talatin da 'yan kai. Ita kanta mitar da muke ƙirga kilomita da ita, daga irin wannan awo aka fitar da ita: tsakanin 1792 da 1798 Delambre da Méchain suka auna daga Dunkirk zuwa Barcelona domin a san tsawon layin da ya taso daga ƙuryar arewa zuwa layin da ya raba duniya biyu, aka raba shi gida miliyan goma. Matuƙan jirgi kuwa ba su cika damuwa da kilomita ba. Su da mil na teku suke aiki, mai mita 1,852, don haka a bakinsu Landan da Paris 186 ne.

To, yanzu a shiga jirgin a ga inda lokacin yake zurarewa. Agogon tikiti ba daga tashi sama yake farawa ba, daga lokacin da aka tura jirgi baya daga ƙofar hawa ne, kuma ba ya tsayawa sai jirgin ya tsaya cak a ƙofar sauka. A Heathrow, mai titin tashi biyu kacal duk da yawan jiragenta, jirgi zai iya shafe kwata ɗin awa ko fiye yana rarrafe a bayan 'yan uwansa kafin layi ya zo kansa. Sannan jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, kuma iskar kudancin Ingila galibi daga yamma take busowa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lokaci, jiragen Heathrow yamma suke fuskanta. Paris kuwa tana kudu maso gabas. Wato jirgin yakan fara ne da bai wa inda za shi baya, ya hau, ya yi kwana bisa hanyar da aka tsara domin rage wa unguwanni ƙara, sannan ya kama kudu. Ƙasa da ƙafa dubu goma akwai ƙa'idar gudu, ba a wuce kimanin kilomita 460 a awa. Kafin ya gama hawa ya riga ya tsallake ruwa, kuma ba a jima ba sai saukowa. Gudun nan na kilomita 800 da muka yi lissafi da shi, in ma jirgin ya taɓa shi, na 'yan mintoci ne.

Dawowa ta fi nuna abin ƙarara. Jiragen da ke shigowa Heathrow suna da wuraren jira huɗu a sama: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin. Wanda ya taso daga Faransa galibi Biggin ake tura shi, kudu maso gabashin Landan. Idan akwai cunkoso, sai ya shiga zagaye, wani jirgin a samansa da tazarar ƙafa dubu, wani a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da na ƙasa ya fita, kowa ya sauko hawa ɗaya. Fasinjan da ke bakin taga zai ga gona ɗaya da lanƙwasar titi ɗaya sun wuce sau biyu, sau uku. Daga nan a jera shi ta gabas, ya biyo saman kogin Thames da tsakiyar gari ya sauka yana fuskantar yamma. Kowane zagaye kilomitoci ne da ake ƙona musu mai, amma ba sa cikin 344. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa suke cusa rarar mintoci a jadawali, domin ko an yi jinkiri a ce jirgi ya iso kan lokaci. Wasu suna ganin wannan wayo ne. Ni dai ina ganin gara a faɗa mini awa ɗaya da minti ashirin in tsara kaina, da a yi mini alƙawarin minti hamsin da ba zai cika ba.

Sama ma ba fili ba ne da kowa zai ratsa yadda ya ga dama. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta buɗe ne da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko da sararin samaniyar da ke kanta. A Turai, inda ƙasashe suke a cushe, wannan yana nufin jirgi yana wucewa daga hannun masu kula da zirga-zirga na wannan ƙasa zuwa na waccan, yana kauce wa wuraren atisayen soja, yana biyan kuɗin wucewa. Hukumar Eurocontrol da ke Brussels ce take tattara kuɗin ta raba wa ƙasashe. Lissafin yana duba nauyin jirgi, da farashin da kowace ƙasa ta yanka, da nisan da ke tsakanin inda jirgin ya shiga sararinta da inda ya fita, kuma da babbar da'ira ake auna shi. Tun da farashi ya bambanta, akwai lokacin da kamfani zai ga ya fi masa riba ya ƙona ƙarin mai ya bi ta sararin da ya fi araha. Idan kuma ma'aikatan kula da jirage na Faransa suka tafi yajin aiki, abin da ba baƙo ba ne, jirgin da ya taso daga Ingila zuwa Sifen ko Fotugal, wanda ba shi da niyyar sauka Faransa, sai ya zagaya ta kan tekun Atlantika ko a soke shi. Tarayyar Turai ta kafa dokokin haɗe sararin samaniyarta tun 2004, amma har yau aikin bai kammala ba, domin ba ƙasar da ke son sakin abin da take ɗauka alamar 'yancinta ce.

Inda siyasa ta yi zafi, tazarar da ke tsakanin nisan awo da nisan tafiya takan buɗe baki sosai. Ranar 23 ga Mayu 2021, jirgin Ryanair da ya taso daga Athens zuwa Vilnius yana ratsa sararin Belarus, aka tilasta masa sauka a Minsk, aka kama ɗan jarida Roman Protasevich da ke ciki. Daga nan kamfanonin Tarayyar Turai suka daina bi ta kan Belarus. Bayan Rasha ta mamaye Ukraine a Fabrairun 2022, sararin Ukraine ya rufe ga jiragen fasinja, Tarayyar Turai ta hana jiragen Rasha shiga nata, Rasha ta rama. Dubi Kaliningrad, yankin Rasha da ke maƙale tsakanin Poland da Lituwaniya. Daga Mosko kusan kilomita 1,100 ne a miƙe. Yanzu jirgi sai ya nausa arewa wajen Saint Petersburg, ya fita ta siririn mashigin tekun Finland, ya gangaro ta kan ruwan Baltic da ba na kowa ba, sannan ya shigo ta teku. Garuruwan ba su motsa ba, shafukan lissafin nisa ma ba su canza lambarsu ba.

Duk da haka doka ta zaɓi nisan awo, kuma tana da hujja. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyya ga fasinjan da aka soke jirginsa ko aka hana shi hawa, daga baya kotun Tarayyar ta faɗaɗa ta a 2009 ta haɗa da wanda ya isa da jinkirin awa uku ko fiye, muddin laifin ba na wani abu da ya fi ƙarfin kamfani ba ne. Kuɗin ya rataya ne a kan nisa: yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 ga wadda ta wuce haka a cikin Tarayyar ko wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500, sai yuro 600 ga wadda ta zarce. Dokar ta fito fili ta ce da babbar da'ira za a auna. Birtaniya bayan ficewarta ta riƙe tsarin, ta mayar da shi fam 220, 350 da 520.

Wata shari'a ta gwada wannan sosai. Wasu fasinjoji uku sun sayi tikitin Brussels Airlines daga birnin Rum zuwa Hamburg, da canjin jirgi a Brussels. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar su, suka isa Hamburg da jinkirin kusan awa huɗu. Rum zuwa Hamburg a miƙe kilomita 1,326 ne, ƙasa da iyakar 1,500. Amma in aka haɗa zangon biyu da suka bi a zahiri, 1,656 ne, sama da iyakar. Suka ce yuro 400 ya kamata a ba su, kamfani ya ce 250. A watan Satumba 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa nisan da ke tsakanin wurin tashin farko da masaukin ƙarshe kaɗai ake dubawa, ko ta ina aka zagaya. A kallon farko kamar an cuci fasinjojin, tun da su ne suka zauna a kujera tsawon kilomita 1,656. Amma a juya lamarin. Da a ce hanyar da aka bi ce ma'auni, da mutum biyu da suka makara daidai wa daida a tafiya ɗaya za su karɓi kuɗi daban, don kawai wani ya canza jirgi, ko don an sa jirgin wani ya yi zagaye a sama. Kowace ƙara za ta koma gardama a kan bayanan na'urar hango jirage. Nisan awo kuwa kowa zai iya lissafa shi a gida ya samu amsa ɗaya. Ina ganin kotun ta yi daidai.

Masu lissafin hayaƙin da jirage ke fitarwa ba su da wannan sauƙin, domin mai da aka ƙona a zagaye an ƙona shi. Sai suka ɗauki nisan awo suka yi masa ƙari. Ma'aunin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya yana ɗora kilomita 50 a kan duk tafiyar da ba ta kai 550 ba, 100 a kan matsakaiciya, 125 a kan mai nisa. A hanyar Landan da Paris wannan ƙarin ya kai kashi ɗaya bisa bakwai na tafiyar. Tashi da hawa su ne suka fi shan mai, don haka gajeriyar tafiya ta fi tsada a kowace kilomita, ga kamfani da kuma ga iskar da ake shaƙa.

Shi kuwa fasinja da agogo yake awo, kuma a nan ne jirgin sama ya sha kaye a wannan hanya. Ranar 6 ga Mayu 1994 Sarauniya Elizabeth ta biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe hanyar ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50, a watan Nuwamban shekarar jirgin ƙasa na Eurostar ya fara jigila. Da aka kammala layin dogo mai sauri a ɓangaren Ingila a 2007, tafiya daga tashar St Pancras zuwa Gare du Nord ta koma kimanin awa biyu da minti ashirin. Layin dogon ya doshi kilomita 490, domin yana karkata gabas ta wajen Lille, wato ya fi hanyar sama tsawo da kusan kilomita 150. Amma daga tsakiyar gari yake ɗauka, a tsakiyar gari yake ajiyewa. Mai bin sama sai ya fita Heathrow, ya isa da wuri saboda bincike, ya tashi, ya sauka, ya jira kaya, ya sake neman abin hawa na kilomita 25 daga Charles de Gaulle zuwa cikin Paris. Awa huɗu ta tafi ba a ankara ba. Sauri ya haifi nawa. Shi ya sa mafi yawan masu zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu suka koma jirgin ƙasa, jiragen saman da suka rage kuma da yawansu suna ɗauke ne da masu canjin jirgi zuwa wata nahiya. Faransa ta ɗauki wannan ma'auni na agogo ta sa a doka: daga Mayun 2023 ta hana jigilar cikin gida ta sama inda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, abin da ya shafi hanyoyin Orly zuwa Bordeaux, Nantes da Lyon. Landan ba ta ciki, tun da tafiya ce tsakanin ƙasa da ƙasa.

Wanda zai duba tikiti ya kula da agogon ma. Paris tana gaban Landan da awa ɗaya duk shekara, don haka zuwa zai bayyana kamar awa biyu da minti ashirin, dawowa kuma kamar minti ashirin kacal. Da hunturun Turai agogon Paris ne ya yi daidai da na Najeriya da Nijar, da bazararsu kuma na Landan. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar akwai wani shinge da bai shafi kilomita ba. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum dukkansu, ko lokacin da take cikin Tarayyar Turai, don haka bizar Landan ba ta shigar da mutum Paris, ta Paris ma ba ta shigar da shi Landan. A jirgin ƙasa jami'an shige da fice na Faransa suna zaune ne a cikin tashar St Pancras, a nan suke duba fasfo tun kafin mutum ya hau, kuma wanda ba shi da bizar a nan Landan za a dakatar da shi.